Tusk na Fleetwood Mac: tambayoyi da amsoshi kan albam ɗin da aka yi saurin yanke wa hukunci

Duk wanda ya san Fleetwood Mac ko da sama-sama ne, to da albam ɗinsu Rumours ya san su. Shi ake sa wa a rediyo, shi matasa suka tono a TikTok a 2020 lokacin da waƙar Dreams ta sake tashi. Amma akwai wanda ya biyo bayansa a 1979, Tusk, wanda aka shafe shekaru ana kira da faɗuwa, ana cewa girman kai ne da ɓarnar kuɗi. Ni ban yarda da wannan hukuncin ba, kuma ga tambayoyin da suka fi fitowa idan aka tayar da zancen.

Tsaya tukuna, su wane ne Fleetwood Mac ɗin ma?

Ƙungiyar mawaƙan rok ce da aka kafa a Landan a 1967. Wanda ya kafa ta makaɗin jita ne, Peter Green, sai ya haɗa sunan mai ganga Mick Fleetwood da na mai jitar bas John McVie ya raɗa mata. Da farko kiɗan bulus, wato blues, suke yi zalla. Green ya fita a 1970, aka yi ta canjin mutane, wannan ya shigo wancan ya fita, Christine matar John ta shigo tana kaɗa fiyano tana waƙa, har suka tattara suka koma Kalifoniya. A ƙarshen 1974 ne suka ɗauko wasu Amurkawa biyu, saurayi da budurwa, Lindsey Buckingham da Stevie Nicks. Waɗannan biyar ɗin, Mick, John, Christine, Lindsey da Stevie, su ne suka yi albam ɗin 1975, suka yi Rumours a 1977, suka yi Tusk.

To mene ne Tusk ɗin, kuma me ya sa ake cewa an raina shi?

Albam ne mai faifai biyu, waƙoƙi 20, kusan minti 74, kamfanin Warner Bros ya fitar da shi a watan Oktoba 1979. Lindsey ya rubuta 9, Christine 6, Stevie 5.

Rainin kuma daga maƙwabtaka ya samo asali. Rumours ya yi mako 31 a lamba ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, ya ci kyautar Grammy ta albam ɗin shekara, waƙoƙinsa huɗu sun shiga goman farko, an sayar da kwafi sama da miliyan 10 tun a lokacin, yanzu kam ana maganar sama da miliyan 40. Kuma an yi shi ne a tsakiyar rikici, auren John da Christine ya mutu, Lindsey da Stevie sun rabu, gidan Mick ma ba lafiya, duk wannan ya shiga cikin waƙoƙin mutane suka ji kamar suna leƙen asirin gidan wasu, suka yi ta saye. To kowa ya zauna yana jiran Rumours na biyu, kamfani na jira, gidajen rediyo na jira, masu shagon faifai na jira. Sai ga wani abu ya fito wanda rabinsa kamar an yi rikodin ɗinsa a gareji. Mutane ba su auna shi da kansa ba, sun auna shi da yayansa, shi ke nan aka buga masa tambari.

Da gaske ya faɗi a kasuwa?

A'a fa. Ya kai lamba 1 a Birtaniya, lamba 4 a Amurka. Waƙar Tusk ta kai lamba 8 a Amurka, Sara ta kai lamba 7, Think About Me ta kai lamba 20. An sayar da wajen kwafi miliyan 4, kuma ka tuna kowane kwafi faifai biyu ne. Mawaƙa nawa ne a duniya suka taɓa sayar da miliyan 4 na wani abu? Amma idan na baya ya sayar da miliyan 10 da ɗoriya, to a idon akantocin kamfani ka yi asara, ko da kuwa ka cika musu aljihu.

To me ya hana shi sayuwa kamar Rumours?

Abubuwa ne suka taru. Na farko kuɗi, dala 15.98 aka sa masa a Amurka, kuɗi ne masu nauyi a wancan lokacin, ga shi 1979 shekara ce da kasuwar faifai ta yi sanyi gaba ɗaya bayan tashen disko, kamfanoni na ta sallamar ma'aikata. Na biyu, gidajen rediyon RKO sun sa albam ɗin daga farko har ƙarshe kafin ya shiga kasuwa, jama'a kuwa suka danna rikodin a kaset suka samu kyauta, kuma Mick Fleetwood da kansa ya sha ɗora laifi a kan wannan. Na uku, waƙar da aka fara saki ita ce Tusk, wadda kusan ganga ce zalla da ihu da ƙahonni, duk wanda ya ji ta yana tsammanin wani abu irin Dreams ai dole ya ja baya.

Amma a ganina kada a ɓoye bayan kaset da tsada. Pink Floyd sun fitar da The Wall a ƙarshen Nuwamba na shekarar, shi ma faifai biyu ne, shi ma da tsada, kuma ya sayu kamar me. Gaskiyar magana ita ce Tusk ba ya lallashin mai saurare, ba a yi shi don ya shiga kunne a ji na farko ba, kuma da gangan aka yi hakan.

Wai sun kashe sama da dala miliyan ɗaya wajen yin sa?

Ƙwarai. A lokacin ana ɗaukar sa a matsayin albam ɗin rok mafi tsada da aka taɓa yi. Sun yi aikin ne a situdiyon Village Recorder da ke Los Angeles, inda aka gina musu ɗaki na musamman, Studio D, yadda suke so, suka tare a ciki daga 1978 har cikin 1979. Ga hayar situdiyo ta wata da watanni, ga kayan aiki, ga ciye-ciye da shaye-shaye, don su kansu ba su taɓa ɓoye cewa hodar iblis da giya sun yi yawa a rayuwarsu ta wancan zamanin ba. Yana kuma cikin albam-albam na farko-farko da aka yi amfani da na'urar dijital wajen haɗa sautinsu na ƙarshe.

Abin dariyar shi ne an kashe wannan uban kuɗi ne, wani ɓangare, don a samar da sauti mai kama da na wanda ba shi da ko sisi. Masu suka sun riƙe wannan sosai, kuma ban ce ba su da hujja ba.

Me ya shiga kan Lindsey Buckingham ne haka?

Tsoro, a fahimtata. Ba tsoron faɗuwa ba, tsoron zama tsohon yayi yana da shekara 29. A daidai lokacin da Rumours ke cin kasuwa, a Landan da New York wasu yara sun taso da kiɗan pank da abin da ya biyo bayansa, irin su The Clash da Talking Heads, waƙoƙi gajeru, kaushi, babu kwalliya, kuma abin da suke zagi kenan, manyan ƙungiyoyi masu jiragen haya da situdiyo na miliyoyi. Wato irin Fleetwood Mac. Lindsey ya saurare su ya ji cewa da gaskiyarsu. Ya aske gashin nan nasa da gemu, ya je ya samu Mick ya ce shi fa ba zai maimaita Rumours ba, kuma yana so ya riƙa yin wasu waƙoƙinsa a gida shi kaɗai sannan ya kawo.

Sai dai kuskure ne a ce pank ya yi. Ka saurari That's All for Everyone ko Walk a Thin Line ko Save Me a Place, muryoyi ne a jere a kan juna, a hankali, kamar mutum na magana cikin barci, wannan kuwa gadon Brian Wilson ne na Beach Boys, wanda Lindsey ke matuƙar girmamawa. That's Enough for Me kuma, wadda ba ta kai minti 2 ba, tsohon kiɗan ƙauyen Amurka ne aka sa masa gudu kamar an biyo shi. Abin da ya ɗauka daga 'yan pank ba salon kiɗansu ba ne, izini ne, cewa ba dole sai komai ya yi sumul ba.

Zancen rikodin a banɗaki fa, gaskiya ne ko ƙari?

Gaskiya ne. Yana son yadda sauti ke dukan tayil ya dawo, don haka ya yi wasu abubuwan a banɗakin gidansa. Ya buga kwalin tishu a madadin ƙaramar ganga. Ya manna makirufo a ƙasa da salatif ya kifa ciki kamar mai motsa jiki yana rera waƙa a haka, don muryar ta fito a matse, a wahale. Injiniyoyin, Ken Caillat da Richard Dashut, waɗanda su ne suka yi wa Rumours wannan sautin mai sheƙi, sai ga shi ana ce musu su ɓata sautin jita da gangan. Caillat bai ɓoye cewa abin ya ba shi haushi ba.

In kana so ka ji sakamakon, sa albam ɗin daga farko. Waƙar buɗewa, Over & Over, ta Christine ce, a hankali take tafiya, gangar Mick kamar ba ya son ya tashi wani daga barci, muryarta a kwance, har ka gyara zama ka ce to madalla, abin da na zo nema kenan. Tana ƙarewa, ko numfashi ba ka gama ba, sai The Ledge ta faɗo, jita an sassauta mata tsirkiya har tana gurnani kamar bas, ganga na tsalle bum-ca bum-ca, muryoyi na rige-rige, minti 2 da 'yan daƙiƙu an gama. Karon farko za ka ɗauka wani abu ya lalace a sifika. Wannan karon da aka yi tsakanin waƙa ta ɗaya da ta biyu, shi ne albam ɗin gaba ɗaya a taƙaice.

Sauran ba su taka masa birki ba?

Sun yi gunaguni, musamman John McVie wanda bai ji daɗin ganin ana buga bas a wasu waƙoƙin ba tare da shi ba. Amma Mick, wanda a lokacin shi ne ma manajan ƙungiyar, ya gane cewa in aka hana Lindsey to tafiya zai yi, kuma Lindsey ɗin ne mai tsara sautin waƙoƙin kowa. Sai aka bar shi. A jikin albam ɗin ma an rubuta godiya ta musamman gare shi a wajen masu shiryawa. Lindsey ya sha faɗa daga baya cewa ya so a ce yana laɓe a ɗakin ranar da manyan Warner Bros suka fara sauraron abin da suka biya.

Kenan albam ɗin Lindsey ne, sauran rakiya suka yi?

Nan ne nake rabuwa da yawancin masu yabon Tusk na yanzu. Da aka tashi wanke albam ɗin daga zargi, sai aka mayar da labarin na gwarzo ɗaya, wai haziƙi ya yi tawaye, sauran suna jan ƙafa. To waƙoƙi 11 cikin 20 ba nasa ba ne, na matan nan biyu ne, kuma in ka cire su abin da zai rage shi ne tarin gwaje-gwaje na mutum ɗaya mai fushi, masu ban sha'awa amma masu gajiyarwa. In kuma ka cire nasa, abin da zai rage shi ne albam mai daɗi, mai laushi, wanda zai iya sa ka gyangyaɗi kafin faifai na biyu. Abin da ya sa Tusk ya zama Tusk shi ne an jera su kusa da juna ba tare da an sasanta su ba. Kamar gidan haya ne mai ɗaki uku, kowa da tukunyarsa, ba a ga-maciji sosai, amma tsakar gida ɗaya ce, dole hayaƙin wani ya shiga ɗakin wani.

A Rumours an narkar da mutum uku sun zama murya ɗaya, shi ya sa yake da daɗi haka. A Tusk an bar kowa da halinsa. Bayan hayaniyar What Makes You Think You're the One, inda Mick ke dukan ganga kamar yana bin ta bashi, sai Storms ta shigo shiru, sai ka ji shirun ya fi na ko'ina nauyi. Ba don an yi hayaniyar ba da ba za ka ji shi haka ba. Kuma kada a manta, Lindsey ɗin nan da ake cewa ya ware kansa, shi ne ya zauna ya yi wa waƙoƙin Stevie da Christine ado da jita, wani wajen ƙwaya biyu-uku kawai yake taɓawa ya bar fili. Mick da John kuma, duk inda aka bar su suka yi aikinsu, ka ji dalilin da ya sa sunansu ke kan ƙungiyar.

Wace gudummawa Christine McVie ta bayar? Ba a cika maganarta ba.

Ai ita aka fi zalunta a labarin nan. Ita ta buɗe albam ɗin, ita ta rufe shi da Never Forget. Think About Me ita ce waƙar da ta fi kama da abin da rediyo ke so, amma ko ita an bar wa jitar ƙura a jiki. Never Make Me Cry kusan murya ce da jita kawai, gajeriya, mace na cewa ba komai alhali kana jin akwai komai. Ita Christine ba ta ihu, ba ta wasan kwaikwayo da murya, shi ya sa mai gaggawa ke wuce ta.

Wadda na fi so a nata ita ce Brown Eyes. Bas ɗin John ne ke jan ta, a duhu, a sannu, kuma a can ƙarshe daidai inda sautin ke dusashewa akwai jitar Peter Green, wanda ya kafa ƙungiyar ya bar ta shekara 9 kafin nan, ya leƙo situdiyo ya buga, ba a ma sa sunansa a jikin faifan ba. Sai ka ƙara sauti sosai kafin ka kama shi. Green ya rasu a 2020, Christine kuma a ƙarshen Nuwamba 2022 tana da shekara 79.

Stevie Nicks fa?

Biyar kawai ta samu amma wallahi babu ta yarwa. Sara ce aka fi sani, sama da minti 6, ba ta da wani amshi da za ka riƙe, tafiya kawai take kamar ruwa, fiyano na maimaita kansa, Mick na shafa ganga da burushi maimakon sanda, muryoyi na shigowa suna fita ta baya. A ƙa'idar rediyo bai kamata irin wannan ta yi tashe ba, amma ta yi. Storms da Beautiful Child waƙoƙin rabuwa ne marasa kwalliya, kuma ni a wajena sun fi yawancin abin da ta yi daga baya ita kaɗai. Sisters of the Moon ita ce mai nauyin, wadda a kan dandamali take zama wani abu daban. Angel kuma tana da ɗan tsalle, bas ɗin John na wasa a ƙarƙashi.

Ita fa ba ta ma son sunan albam ɗin ba, ta ce ba ta ga kyau a cikinsa ba. Mick ne ya nace.

Ita waƙar Tusk ɗin, ina aka samo 'yan badujala?

Dabarar Mick ce. Waƙar ta samo asali ne daga wani ɗan kiɗa da suke yi lokacin gwajin sifiku kafin wasa, aka yanko bugun gangarsa aka maimaita shi a tef yana zagayawa. Sai ya ce a kawo masu ƙaho. Aka ɗauko ƙungiyar badujala ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya, USC, ɗalibai sama da 100, aka kai su filin wasa na Dodger Stadium a watan Yuni 1979, babu 'yan kallo, aka yi rikodin ɗinsu a fili aka kuma ɗauki bidiyo. John McVie ba ya gari ranar, sai aka yanko hotonsa a kwali mai tsayin mutum aka riƙa yawo da shi a filin, yana nan a bidiyon.

Ka saurare ta da abin kunne. Da hayaniyar taro take farawa can ƙasa-ƙasa, sai ganga, sai Lindsey na raɗa kamar mai tuhumar matarsa a tsakar dare, tambaya a kan tambaya, sai a tsakiya gangar ta ɓalle ta rikice na 'yan daƙiƙu kamar an tuntsurar da kaya, sannan ƙahonnin su shigo su cika ko'ina. Waƙar kishi ce da zargi aka sa mata kayan fareti. Har yau 'yan badujalar USC na buga ta a wasanninsu, kuma sun sake hawa dandamali da ƙungiyar a 1997 lokacin wasan The Dance.

Bai yi tsawo da yawa ba? Da an matse shi a faifai ɗaya ba zai fi ba?

Wannan ita ce sukar da ta fi ƙarfi, kuma ba zan ce kowace waƙa dole ce ba. Not That Funny da I Know I'm Not Wrong 'yan uwan juna ne, har wasu baitoci suke rabawa, ɗaya ma ta isa. Honey Hi tana da daɗi amma in ta ɓace ba za a yi cigiya ba. To amma gwada zama ka zaɓi 10 ka ga. Duk wanda ya gwada, ko dai ya ƙare da ƙaramin Rumours wanda bai kai na asali ba, ko ya ƙare da albam ɗin Lindsey shi kaɗai. Tsawon ne ya ba kowa daga cikin ukun fili ya miƙe ƙafa. Kuma asali an tsara shi ne fuska huɗu, waƙa biyar-biyar, kana tashi kana juya faifai kana hutawa. Jin sa a waya a tafi ɗaya minti 74 ba tsayawa, ai dole ya gundure ka. Ka raba shi huɗu yadda aka gina shi.

Karen da ke jikin bangon albam ɗin fa?

Karen Ken Caillat ne, sunansa Scooter, an ɗauke shi yana cizon ƙafar wandon wani. Ɗan ƙaramin hoto a gefe, sauran fili. Bayan bangon Rumours mai Mick da Stevie cikin shiga ta alfarma, wannan ma saƙo ne.

Me ya faru bayan fitowarsa?

Sun yi doguwar tafiyar wasanni daga ƙarshen 1979 har zuwa farkon Satumba 1980, suka fitar da albam na wasan kai tsaye a ƙarshen shekarar, kowa ya gaji da kowa. Da lissafin ciniki ya fito sai aka juya wa Lindsey baya, aka ce masa ba za a sake bin wannan hanyar ba. Ya sha faɗin yadda abin ya yi masa ciwo, don a cewarsa lokacin da ake aikin sun fara son abin, sai da kasuwa ta yi magana suka canza ra'ayi.

A 1981 kowa ya kama gabansa na ɗan lokaci. Stevie ta fitar da Bella Donna ya kai lamba ɗaya a Amurka, Lindsey ya fitar da Law and Order inda ya ci gaba da gwaje-gwajensa, Mick kuma ya taho Gana ya yi albam ɗinsa The Visitor a Akara tare da makaɗan ƙasar, kuma abin sha'awa, cikin waƙoƙin da ya sake yi a can har da Walk a Thin Line ta Tusk. Sai 1982 suka dawo da Mirage, wanda suka yi wani ɓangarensa a Faransa, mai laushi, mai biyayya, ya hau lamba ɗaya a Amurka, kamfani ya samu natsuwa. Albam ne mai kyau, ban ƙi shi ba, amma kana ji ka san an ja linzami. Lindsey ya yi Tango in the Night da su a 1987, sannan ya fita na wani lokaci.

Yaushe mutane suka fara canza ra'ayi a kansa?

A hankali, kuma ba daga manyan gidajen rediyo ba. Ƙananan ƙungiyoyin Amurka na shekarun 1990 da 2000, masu yin rikodin a ɗakunan kwanansu da kayan aiki masu araha, su ne suka ji The Ledge da Save Me a Place suka ga kakansu. Abin da aka kira shirme a 1979 ya zama salo mai suna. Wata ƙungiya, Camper Van Beethoven, ta sake yin albam ɗin gaba ɗayansa waƙa bayan waƙa ta fitar a 2002. An sake buga Tusk a 2004 da ƙarin faifai na gwaje-gwaje, aka kuma yi babban bugu a 2015 mai ɗauke da wasu sigogin waƙoƙin da rikodin na wasanni. Mick Fleetwood da kansa ya dawo yana sa shi cikin waɗanda ya fi so a duk abin da suka yi.

Yanzu ma har abin ya so ya wuce gona da iri, a wasu wuraren cewa ka fi son Tusk ya zama hanyar nuna kai ɗan gari ne, ba irin masu Rumours ba. Wannan ma wani rainin ne aka juya shi.

To fisabilillahi, ya fi Rumours?

Bai fi shi kammala ba. Rumours waƙa 11 ne babu ɓara-gurbi, ko wanda ba ya son rok zai iya zama ya ji shi. Tusk yana da rauni a wurare, yana da taurin kai. Amma Rumours ka gama sanin sa a ji na biyar, bayan nan sai dai ka more abin da ka riga ka sani, shi kuwa wannan sai ka shekara kana ji sannan wata waƙa da kake tsallakewa ta tare ka a hanya. In baƙo ya ce in ba shi ɗaya, Rumours zan ba shi. In ni zan zauna da ɗaya, Tusk ne.

Ta ina zan fara, kuma wane bugu zan nema?

In daga Rumours ka taho, fara da Sara, Think About Me, Storms, Brown Eyes da Angel, kunnenka ya saba da ɗakin. Sannan ka shiga na Lindsey ta ƙofa mai sauƙi, Save Me a Place da Walk a Thin Line da That's All for Everyone, kafin ka tunkari The Ledge da Not That Funny. Bayan nan sai ka koma ka ji shi a jere yadda aka tsara, fuska-fuska, kuma don Allah kashe maɓallin nan mai cakuɗa waƙoƙi, jerin yana cikin aikin.

Wajen bugu kuma ka kula da abu ɗaya. Da aka fara mayar da shi faifan CD, don a cusa shi a faifai guda sai aka yanke Sara ta koma minti 4 da rabi da 'yan kai. In ka ci karo da tsohon CD, duba tsawon Sara a bayansa, in bai haura minti 6 ba to yankakkiya ce. Bugun 2004 da na 2015 duk sun dawo da cikakkiyar.